In rufe gidan abincin, ko in ci gaba da kai wa mutane gida?

(Wannan wasiƙa da amsarta daga watan azumin 2020 ne, lokacin annobar korona.)

Assalamu alaikum Anti. Ina da gidan abinci a Birnin Kebbi, kusa da Poli (kwalejin fasaha), kuma ɗalibai ne rabin cinikina. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona ciniki ya faɗi, yanzu kuma an ce ba zama a ci a ciki, sai dai a saya a tafi. Na koma karɓar oda ta waya da WhatsApp, ƙanin maigidana mai kabu-kabu shi ke kaiwa. Muna wuni a bakin murhu da azumi a baki, amma da dare in na ƙirga kuɗi ba su kai na cefane ba. Kwano ₦500 nake sayarwa kamar da, roba da leda da cokali suna cin ₦50, shi kuma ina ba shi ₦150 duk tafiya. Wasu su ce sun turo kuɗi ban gani ba, wasu su ce a rubuta. Kuɗin da ƙanin nasa yake kawowa ma ba ya cika, kuma ba ni da bakin magana. Ba ya sa takunkumi, wai korona ciwon masu hawa jirgi ne. Gida ɗaya muke da shi da Inna, uwar mijina, mai ciwon suga da hawan jini, kuma a ɗakinta yake cin abincin dare ya yi hira. Maigida ya ce in rufe har annoba ta wuce. Ma'aikatana biyar, biyu zawarawa ne masu riƙon marayu. In rufe ko in ci gaba?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya karɓi ibadarmu, ya ƙara wa Inna lafiya. Shawarata ita ce kada ki rufe tukuna, amma kada ki sake hura wuta a kan tsarin da kike kai yanzu. Zan fara da Inna, don jari in ya karye ana iya tada shi.

Tsoron maigidanki yana kan hanya. Wannan cuta ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu suga da hawan jini, kuma Inna ta haɗa duka ukun. Inda nake ganin lissafinsa bai cika ba shi ne tunanin cewa rufe shago zai tsare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu shaidar cewa ana ɗaukar cutar ta abinci ko ta mazubinsa. Daga mutum take zuwa ga mutum, ta tari da atishawa da feshin da ke fita daga baki lokacin magana kusa da kusa. To ki duba da kyau: ranar da kika rufe, ina ƙanin mijinki zai nufa? Titi zai koma ya ɗauki fasinja, wani na sauka wani na hawa, kowa da numfashinsa a ƙeyarsa, tun safe har dare, sannan ya dawo ɗakin Inna ya zauna. Kula cike da shinkafa a bayan babur ta fi masa aminci nesa ba kusa ba a kan fasinjan da bai san daga inda ya fito ba. Ke ce kaɗai a gidan nan kike da abin da za ki ba shi ya bar ɗaukar mutane na ɗan lokaci. Wannan ita ce maganar da za ki kai wa maigida, kuma ita ce dalilina na cewa ki ci gaba.

Amma da sharaɗi, kuma ba ke za ki gindaya masa ba. Matar wa ba ta kafa wa ƙanin miji doka a gidan uwarsa ta kwashe lafiya, kin fi ni sani. Yayansa ne zai kira shi gefe, su biyu, ya ce masa daga yau aikin kai abinci nasa ne shi kaɗai, da albashi tsayayye na rana, amma ba fasinja, kuma ba fita sai da takunkumi. Daga 4 ga Mayun 2020 ma aka wajabta sa takunkumi a bainar jama'a, don haka ba ƙirƙirar gidanku ba ce. Batun masu hawa jirgi kuwa, kada a yi masa dariya, don yana da inda ya samo shi: wanda aka fara samu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 Ba'italiye ne da ya sauka Legas, kuma Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, da ya rasu 17 ga Afrilu daga tafiya waje ya dawo. Sai dai maganar ta wuce nan tuni. A Afrilun 2020 an kulle Kano gaba ɗaya, kuma a ƙarshen watan aka tabbatar da ita a nan Kebbi. In ya ce ai komai ƙaddara ce, yayansa ya tuna masa Sayyidina Umar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Abin da zai fi masa ciwo shi ne ɗakin Inna, ita ma zai yi mata ciwo, don tsohuwa hirar ɗanta ce abincinta. Ba cewa aka yi a raba su ba. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ita a bakin ƙofarta, shi can gefe da tazarar kamar taku uku, bayan ya yi wanka ya sauya kaya. Kwano daban, kofi daban, buta daban. Zai ce lafiyarsa lau, kuma da gaskiyarsa yake faɗa, amma cutar kan yi kwana 5 ko 6 a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har 14, kuma mutum na iya shafa wa wani kafin shi kansa ya ji komai. Wannan doka ta hau kanki ke ma. Ke ce mai wuni da mata biyar a madafa, kina karɓar canji daga hannun jama'a. Kada ki wuce ɗakinta kai tsaye daga shago, ko da gaisuwa ce, sai kin wanke jiki. In ya ga doka ba ta bar ki ba, zai fi sauƙin haɗiye ta.

Kuɗin da ba ya cika kuma, kada ki kira shi ɓarawo, ko a gaban mijinki. Wataƙila ya taɓa, wataƙila kwastoma ne ya ce masa babu canji, ko ya ce ai ya gama da Hajiya, shi kuma kunya ta hana shi tsayawa. Ba za ki taɓa gane wanne ne ba, kuma bin diddigi zai ɓata zumunci a banza. Ki cire kuɗi daga hannunsa kawai. Duk wanda ya yi oda ya turo kafin a zuba, na abinci da na kaiwa a haɗe. Wanda ba shi da asusu ya je wurin mai POS na unguwarsu ya tura. Kuma kada ki yarda da hoton rasit ko saƙon da ya shigo waya, don alat na bogi ya yi yawa. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna sannan ki ce a zuba. Kowace oda da lambarta a littafi, ki rubuta lambar da maka a murfin roba tare da sunan unguwa. Shi nasa ya ajiye a bakin ƙofa ko ya miƙa daga nesa, ya kira waya, ya juya. Ba shiga zaure, ba musabaha, ba tsayawa shan ruwa.

Yanzu lissafin da ke hana ki barci. Daga ₦500 ki cire 50 na roba, ki cire 150 na babur, saura ₦300. Abincin da kika yanke wa 500 lokacin da ake ci a farantinki a wanke a mayar, shi kike bayarwa a 300, alhali shinkafa ba ta sauko ba tun da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, duk da cewa a fadamunmu ake noma ta, a Birnin Kebbi da Argungu ake casar ta. Duk kwano ɗaya da babur ya tashi dominsa, daga jarinki kika biya. Shi ya sa ranar da oda ta fi yawa ita ce ranar da kika fi faɗuwa. Ɗiban ruwa kike da kwando.

Kuɗin kaiwa na mai saye ne, kuma a faɗa masa shi daban, a fili: abinci kaza, roba kaza, kaiwa kaza. Mutane sun fi yarda da haka a kan su ga an rage musu nama a ɓoye. Ki raba gari gida uku gwargwadon nisa daga shagonki, kowane da farashinsa. Unguwanni irin su Gesse da Badariya da Rafin Atiku da Tudun Wada, ke kika san wadda ke kusa da wadda ke nesa. Wajen gari kamar Kalgo ko Ambursa ki ce ba kya kaiwa sai oda ce babba. Sannan babur ya daina tashi don mutum ɗaya. In ya ɗauki oda shida ta layi ɗaya, kowa ya biya ₦100, tafiya guda ta kawo ₦600, mai saye ya biya ƙasa da abin da kike biya yanzu, kuma daga nan albashin direban zai fito. A watan Maris na 2020 litar fetur ta sauko daga ₦145 zuwa ₦125, don haka ki sa wannan a gaba lokacin da ake yanke masa na mai.

Hakan ba zai yiwu ba sai kin sa wa oda lokaci. Dokar hana fita da aka kafa a Mayun 2020 tana farawa ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, magariba kuma a garinku wajen ƙarfe 7 take. Tsakanin shan ruwa da rufe hanya awa ɗaya ce kacal. Ki rufe karɓar oda ƙarfe 2 na rana, ki dafa daidai abin da aka biya da ɗan ƙari na masu zuwa saye, babur ya yi zagaye biyu tsakanin 5 da rabi da kiran sallah, ma'aikata kuma su kama hanyar gida da sauran lokaci. Kada ki bar zawarawan nan su haɗu da jami'an tsaro a hanya saboda kwano biyu da wani ya tuna da su a makare. Za a yi miki ƙorafi kwana biyu na farko, daga nan kowa zai saba.

Ki rage kalolin abinci zuwa uku a rana, ki zaɓi masu jure tafiya. Dafa-duka, shinkafa da wake, dambu, alale, tuwon shinkafa a naɗe a leda, duk suna isa yadda suka bar tukunya. Miya a ƙulla ta daban, kada a zuba a kai. Taliya kumbura take yi ta kwanta. Soyayyen dankali da doya in aka rufe su da zafinsu gumi ke jiƙa su, su isa laɓe-laɓe. Ƙosai ma haka, don haka a takarda za a naɗe shi, a bar masa kafar shan iska, kuma shi ne na ƙarshen fita daga mai kafin babur ya tashi. Farfesun kifi yana da masoya, amma in ba ki da roba mai murfi mai kamawa, ki bar shi ga masu zuwa da kularsu. Ki sa wa kular babur tsumma ko kwali a tsakanin robobi don kada su yi ta karo a kan hanya. Haɗin kabeji mai bama da kunun aya ki ajiye su sai zafi ya sauka. A watan Mayu, da rana mai haura digiri 40, ba sa daɗewa suke juyawa.

A nan akwai haɗarin da ya fi korona kusa da tukunyarki. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba, don tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa ta fi kowa laifi: akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Za a roƙe ki ki haɗo da na sahur tun da yamma, tunda ba a fita da dare. Abincin da ya bar hannunki ƙarfe 6 aka ci shi ƙarfe 4 na asuba ya yi awa 10. In mutum ba shi da firji mai aiki, ki ba shi haƙuri, ki sayar masa da abin da ba ya lalacewa, kamar dambun nama ko garin kunu da zai dama da kansa. Gida ɗaya in suka kwana suna amai da gudawa a wannan lokaci da kowa ke tsoron asibiti, sunan shagonki ne zai zaga gari.

Masu cewa a rubuta, na san da yawansu kwastomomin shekaru ne, kuma wasu da gaske babu ce ta kama su. Ki ware mutum kaɗan da kika tabbatar da halinsu, ki sa wa kowa iyaka, ki ɗauka a ranki cewa in bai dawo ba sadaka ce ta watan azumi. Sauran ki faɗa musu gaskiya da taushin murya: "Alhaji a yi haƙuri, jarin ne ya yi ƙasa, yanzu sai an turo muke ɗorawa." Mai mutunci ba zai ji haushi ba.

Ɗalibai sun tafi, amma garin bai rasa masu cin abincin saye ba. Akwai ma'aikatan jinya da likitoci masu kwana a Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, akwai ma'aikatan banki da jami'an tsaro, da gwauraye da baƙin da rufe hanyoyin jihohi ya raba da iyalansu, da abokan zamanmu da ba sa azumi masu neman na rana. Irin waɗannan a wuri ɗaya suke taruwa, oda goma a ƙofa guda, a ajiye a bakin get ba sai an shiga ba. Ki nemi mutum ɗaya a kowane wuri ya riƙa tattara miki oda, ki riƙa ba shi nasa kwanon kyauta. Ki yi musu tayin biyan mako gaba ɗaya da ɗan ragi, kuɗin nan shi zai zama na cefanenki. Sai kuma ciyarwa. Masu hali da suka saba dafa abin buɗa baki a raba a ƙofar gida ko masallaci, bana da yawansu suna tsoron tara jama'a, amma niyyar tana nan. Ki kira waɗanda kika sani ki ce za ki dafa, ki ƙulla, a kai gida-gida da sunansu. Oda ɗaya irin wannan ta fi miki ashirin na ɗaiɗaiku.

Ma'aikatanki ki tara su ki buɗe musu littafi su gani da idonsu. Ki raba su rukuni biyu, yau waɗannan gobe waɗancan, kada su haɗu. Madafa za ta sami sarari, kuma in ɗaya ta kwanta ba duka za a killace ba. Kuɗi zai ragu, amma kowa ta san tana da na tuwo, kuma masu marayun nan ki riƙa aika musu abinci har ranar da ba su zo ba. Abu ɗaya da nake roƙon ki: ki yi musu alkawari a fili cewa wadda ta ji zazzaɓi ko tari ta zauna gida, kuɗinta na nan ba za a taɓa ba. In ba ki faɗa ba, mace mai marayu za ta sha farasitamol ta ɗaura zani ta zo, kuma ba za ki ga laifinta ba. Ki sa ido kan wata alama da ta shafi sana'arku kai tsaye: daina jin ƙanshi da ɗanɗano farat ɗaya. Mai girkin da ta ce ba ta jin ƙamshin daddawa, ko ta yi ta ƙara gishiri bayan an sha ruwa tana cewa miya lami ce, ki sallame ta gida nan take.

Masu zuwa saye da ƙafarsu, ki kwashe bencina gaba ɗaya, don in akwai wurin zama za a zauna. Teburi a bakin ƙofa, bokiti mai famfo da sabulu a gefe, mai karɓar kuɗi daban da mai zuba abinci. Wankin hannu na daƙiƙa 20 da sabulu ya fi safar hannun da aka wuni da ita ana taɓa kuɗi da fuska. Teburi da marikin ƙofa da kular babur a goge su safe da yamma da ruwan bilic. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikin gorar, murfi 1 a cikin murfi 34 na ruwa ya isa, a haɗa sabo kullum, kada kuma ya taɓa abinci.

Za ki ji ana maganar bashin naira biliyan 50 da Babban Banki ya ware a 2020 ta hannun bankin NIRSAL don magidanta da ƙananan sana'o'i. Gaskiya ne, amma bashi ne mai kuɗin ruwa a kai, kuma masu nema sun yi yawa. Kada ki ɗora tukunya da sa ransa, kada kuma ki ba kowa ko sisi wai zai samo miki.

Da maigida, ki zaɓi lokacin da ya natsu bayan ya sha ruwa, ki fara da gode masa a kan tsoron da yake ji wa mahaifiyarsa. Ki roƙi izininsa na mako biyu, daga yanzu zuwa Sallah, a kan wannan tsari, kuma ki ba shi littafin ya riƙa dubawa duk dare. Ku yi yarjejeniya tun yanzu a kan abin da zai sa a rufe. In ke ko ma'aikaciya ko direba wani ya nuna alama, a kira jami'an lafiya na jiha, a rufe kwana 14, a gaya wa kwastomomi dalili ba ɓoye-ɓoye. In ƙaninsa ya ƙi sharaɗi, ki ɗauki wani direban ba tare da faɗa ba, dokar ɗakin Inna kuma tana nan a kansa. In kuma bayan Sallah littafi ya nuna har yanzu uwar kuɗi ake ci, ki ajiye babur ki tsaya ga masu zuwa saye da odar ciyarwa, ki mayar da ragowar jarin buhun shinkafa da jarkar mai. Mai shagon da kike haya kuma ki same shi a wannan makon, tun kuɗin bai cika ba, ki nemi ya raba miki biyan gida biyu ko uku.